Yadda Ake Kiwon Karen Gadi a Jos, Daga Ɗan Kwikwiyo Har Ya Kama Aiki

Da wuya ka bi layi a Rayfield, ko Dadin Kowa, ko Bukuru, ko gonakin kaji na bayan gari, ba ka ji haushin kare ta bayan katanga ba. Sanyin Jos yana karɓar manyan karnuka masu gashi, shi ya sa masu kiwonsu don sayarwa suka yi yawa a nan, har daga Abuja ake tasowa a zo saye. Na daɗe a harkar, kuma abu biyu ne ba na son gani amma kullum sai na gani. Na farko, mutum ya zuba kuɗi ya sayi ɗan kwikwiyo, bai rufa wata ba ya haƙa rami ya binne shi. Na biyu, karen ya rayu, amma ya tashi ba ya bambanta ɓarawo da yaron maƙwabta ko almajirin da ya leƙo bara. Duka biyun daga watanni huɗun farko suke samo asali, don haka a nan zan fi tsayawa.

Kayan da za ka tanada

Ɗakin kare shi ne kan gaba, kuma a gama shi kafin a kawo mai shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga babban kare ina yin ƙafa 6 a ƙafa 8, da tsayin da mutum zai shiga ya yi shara bai durƙusa ba. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare zuwa magudana, a shafe bangon da filasta sumul, domin a tsagar bulo kaska ke ɓuya ta yi ƙwai. Kada ƙofar ta kalli arewa maso gabas, ta nan iskar hunturu ke bugowa. A ciki ka kafa katako ɗan sama da ƙasa, ka shimfiɗa buhu ko tsohon bargo. In babu halin gini, kejin ƙarfe ko na katako mai rufin kwano ya wadatar, muddin yana cikin inuwa kuma feshin ruwan sama ba ya kai masa.

Sai kwanon silba biyu, na abinci da na ruwa. Na roba taune shi zai yi. Abin wuya na fata, igiyar ja mai ƙarfi, da takunkumi daidai bakinsa don ranar zuwa asibiti. Shebur, tsintsiya, bokiti da safar hannu waɗanda na ɗakin kare ne kaɗai, ba a haɗa su da na tsakar gida. Ruwan wanki irin su Hypo ko Jik. Burushin taje gashi, da ma'aunin zafin jiki: lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, ta dubura ake aunawa. Na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan, lambar wayar likitan dabbobi da ka riga ka je ka gan shi ido da ido.

1. Ka fara daidaitawa da mutanen gidanka da maƙwabta

Kare yakan yi shekara 10 zuwa sama, kuma kullum sai ya ci, sai an kwashe kashinsa. Wa zai yi wannan ranar da ka tafi Kano ko Bauchi? In uwargida ba ta so, ko mai gidan haya bai yarda ba, ka haƙura tun yanzu. In gidanku na tarayya ne, yara suna shiga suna fita, ban ba ka shawarar ajiye kare ba sam.

Ga ɗan'uwa Musulmi, ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ladarsa na raguwa kullum. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙatar ta gaskiya ce, ka zauna da malaminka ya yi maka bayani. Abin da aka saba shi ne wurin kare daban, kwanonsa daban, ba ya shiga ɗakunan kwana da wurin salla. Amma nisanta shi da ɗaki ba lasisin barinsa da yunwa ba ne. Addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, shi ne ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa har ta mutu.

Ka kuma duba katangarka da gindin get. Ramin da kan kare ya shiga, jikinsa ma zai bi.

2. Zaɓen ɗan kwikwiyo

Mai farawa ya nemi karen gida, ko ruwa biyu na karen gida da Alseshiyan. Mutane na raina karen gida, alhali ya fi jure cutar kaska, ba ya cin kuɗi, kuma kunnensa da haushinsa sun isa su tashe ka, wanda shi ne aikin da kake nema. Kokeshiyan da Boyabul da Rotwaila karnuka ne masu kyau a hannun wanda ya iya, amma dabbar da za ta iya haura kilo 50 ba abin koyon hannu ba ce. In ta fizge igiya, ƙaramin yaro ko dattijo ba zai iya tare ta ba.

Ka je gidan da aka haife shi, ka ga uwar da idonka. In ta ga baƙo ta tsaya ta yi haushi, mai ita ya yi magana ta yi shiru, to wannan jini ne mai kyau. In tana makyarkyata tana ɓuya, ko tana dukan keji kamar za ta karya shi, ka juya. Kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, komai lallashin mai sayarwa. A makonnin nan ne yake koyon iya cizon wasa daga uwarsa da 'yan'uwansa.

Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi: ja-ja mai haske ake so, fari alamar ƙarancin jini ne. Ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe ba alamar zawo. Tumbi ƙato a kan ƙafafu sirara tsutsar ciki ce. Ka tafa hannu ka ga ko zai waiwayo, ka aje shi ƙasa ka ga ko zai biyo ka. Sannan ka nemi katin rigakafi, ka duba ko an manna 'yar takardar da ake ɓarowa daga jikin kwalbar allura, da kwanan wata da sa hannun likita. Kati mai rubutun biro zalla ka ɗauka ba a yi komai ba.

Kada ka sayi na cikin kwali a bakin titi. Haka kuma na kasuwar karnuka, irin ta Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke, inda ake tara karnuka daga garuruwa masu nisa ba tare da an san tarihin rigakafinsu ba. Kasuwa ce ta wata buƙata daban, ba wurin zaɓen karen da zai zauna da 'ya'yanka ba.

3. Rigakafi

A cikin kwana biyu da kawo shi, ka kai shi wurin likita, a hannu ko a kwali, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasan asibiti. A Jos ba mu da uzuri: ga asibitin dabbobi na Polo, ga asibitoci masu zaman kansu, ga kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, inda ake yin alluran rigakafin dabbobi har da ta haukan kare.

Allura iri biyu ce. Ta farko ana ce mata DHLPP, tana kare shi daga cuta biyar a haɗe: distemfa mai kama huhu da ƙwaƙwalwa, ciwon hanta, cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, wani irin tari, da fabo mai sa amai da zawon jini. Ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne garkuwar da ya sha a nonon uwa tana iya kashe ƙarfin allurar farko, kuma ba a san ranar da garkuwar za ta ƙare a jikin kowane ɗan kwikwiyo ba. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya, bai yi ba. Ta biyu ita ce ta haukan kare, a wata 3, sannan a sabunta kowace shekara.

Allurar rigakafi ba ta jure zafi. In wani ya zo maka da ita a aljihu ko a jakar babur ba kula da ƙanƙara, ruwa zai tsira wa karenka ya karɓi kuɗinka. Ka ga an ciro ta daga sanyi a gabanka. In kuɗi ya yi ƙaranci, ka kasa kunne wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, lokacin da akan yi rigakafin kyauta a wasu wurare. Amma ta DHLPP ba ta jiran Satumba.

Fabo ita ce mai kashe 'yan kwikwiyo a garin nan. Yau yana wasa, gobe ya ƙi abinci ya kwanta, sai amai, sai zawo mai jini mai wani irin ƙarni da in ka taɓa shaƙa ba ka mantawa. Rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi, cikin kwana biyu ko uku. Ba ta da maganin gida. Ƙarin ruwa ta jijiya da alluran likita ne ke ceto, kuma wanda aka kai da wuri ne ke tashi. Rotwaila da Alseshiyan sun fi saurin kamuwa. Ƙwayar cutar tana cikin kashi, tana kuma biyo takalmi da tayar mota ta shigo gida, shi ya sa ba a fitar da ɗan kwikwiyo yawo sai bayan mako 2 da allurarsa ta ƙarshe. In fabo ta taɓa kashe kare a gidanka, ka wanke daɓe da bango da Hypo, kofi 1 a ruwa kofi 30, ka bar shi minti 10 kafin ɗauraya; Dettol da Izal ba sa kashe ta. Buhu da bargo a ƙone. Turɓaya kuwa ba ta wankuwa, cutar na iya zama a cikinta har shekara, don haka ko dai ka jira, ko ka kawo wanda ya riga ya gama alluransa.

4. Abinci

Sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan safe da yamma. Ruwa mai tsabta kuwa ba ya yankewa. Abincin buhu ya fi sauƙi, akwai ma wanda ake yi a nan Jos, Binggo na kamfanin Grand Cereals. In za ka dafa da kanka, ka dama garin masara ko ka dafa shinkafa ko dankalin Turawa, ka haɗa da kifi, ƙwai, kan kaza ko kayan ciki, yadda ɓangaren naman zai kai kashi ɗaya cikin uku, ka yanka ɗan karas ko kabeji. Tuwo da ragowar miya kaɗai ba sa gina kare, su ne ke kawo lanƙwasassun ƙafafu. Abin da ya rage bayan minti 15 a ɗauke. In za ka canza masa abinci, ka riƙa gaurayawa da tsohon har mako guda, in ba haka ba zawo ne.

Akwai abubuwan da ba sa shiga bakinsa: albasa da tafarnuwa masu lalata masa jini, cakulan, goro, inabi, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo. Mushen kaji daga gona araha ne, amma ba ka san abin da ya kashe su ba. Da Babbar Salla kuma, huhu ko hantar ragon da ka ga tana da ƙululu mai ruwa, kada a jefa wa kare ɗanya, a binne ta da zurfi ko a ƙone. Ta nan kare ke ɗaukar wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa, ya koma ya kama hanta ko huhun mutum. Duk kayan cikin da ka samo daga mayanka ka dafa shi lugub.

Farasitamol da ibufurofen na mutane suna iya kashe kare, kada ka ba shi don ka ji jikinsa da zafi. Maganin ɓera kuma a ɗora inda ba ya kaiwa.

5. Tsutsa, kaska da ƙazuwa

Maganin tsutsar ciki duk mako 2 har ya kai mako 12, sai wata-wata har wata 6, sai duk wata 3 har ƙarshen rayuwarsa. Da nauyi ake auna magani, don haka ka hau sikeli kai kaɗai, ka sake hawa riƙe da shi, ka debe. A kwashe kashi kullum, domin yaro mai rarrafe ko wasan ƙasa shi ne ke kwasar ƙwan tsutsar.

Kaska ta fi yawa da damina. Duk yamma ka bi jikinsa da yatsu: cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa. Ka kama ta daga gindi dab da fata, ka ja a hankali, ka jefa a kananzir. Ba shan jini kaɗai take yi ba, tana sa zazzaɓin da ke fasa jini. In ka ga kasala, dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti a ranar a ɗebi jini. Maganin wanka ko na ɗigawa a ƙeya ko na haɗiya, likita ne zai zaɓa maka, kuma a yi wa ɗakin feshi a rana ɗaya da karen, in ba haka ba aikin banza ne. Sniper da baƙin mai da wasu ke shafa wa mai kaska ko ƙazuwa guba ne, na sha ganin kare yana karkarwa yana dalala saboda su.

Da damina kuma za ka iya ganin ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, musamman a ciki da ƙafafun 'yan kwikwiyo. Tsutsar wani ƙuda ce mai yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari. Ka toshe ramin da basilin, in ta leƙo neman iska ka matsa gefe da gefe ta fito ɗungurungum, ka wanke wurin. Bushewar makwanci ita ce rigakafinta.

6. Horo da sabo da mutane

Akwai wata fahimta da ta yaɗu, wai in kana son kare ya yi zafi ka kulle shi a duhu, kada ya ga kowa, ka riƙa dukansa, har wasu na zuba masa barkono ko wiwi a abinci. Wannan zalunci ne, kuma ba ya haifar da mai gadi. Abin da yake haifarwa shi ne matsoracin kare, shi kuwa matsoraci kowa yake cizo, kuma mafi yawa na gida yake fara samu, tunda su ne kusa. Karen da ya san yadda mutanen kirki suke shiga gida da rana, shi ne yake gane wanda ya hauro katanga da dare.

Daga mako 3 zuwa 14 ne zuciyarsa take buɗe ga sabon abu. Tunda a lokacin bai gama allura ba, kai za ka kawo masa duniyar cikin gida. Ya ga mai babbar riga, mai hijabi, mai hular kwano, tsoho mai sanda, yara, awaki da kaji. Ya ji ƙarar janareta da babur. Ka ɗauke shi a hannu ka tsaya bakin get ya ga Keke Napep na wucewa. Duk wanda ya gani ya natsu, ka yaba masa ka ba shi ɗan guntun nama.

Kalma huɗu sun ishe ka: zo, zauna, bari, shiga. Da Hausa yake ji sarai, abin da ake so dai kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya. Minti 5, sau biyu ko uku a rana, kafin cin abinci. Ka riƙe nama a saman hancinsa ka ja baya kaɗan, gindinsa zai sauka da kansa, a daidai nan ka ce "zauna" ka ba shi. "Zo" kuwa kada ka taɓa kiransa da ita don ka hukunta shi, ranar da ya fice waje ita ce za ta dawo maka da shi. In ya kama hannunka da wasa, ka ce "bari", ka janye, ka miƙa masa igiya ya tauna. Tun yana ƙarami ka saba masa da taɓa kunne da baki da ƙafa, da sa takunkumi.

Sarƙa ta ɗan lokaci ce, kamar in ma'aikata na aiki a gida. Karen da ya wuni ya kwana a ɗaure yakan zama mafaɗaci. Da rana yana ɗakinsa, safe da yamma a fito da shi ya motsa, da dare bayan an kulle get a sake shi, da asuba kafin masu zuwa masallaci da 'yan makaranta su fara fita a mayar da shi. Mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin wannan kullewa da buɗewa, domin yawancin cizon da na sani daga "na zaci ka kulle shi" yake farawa. Ka rubuta a get cewa akwai kare.

Yara kuma a koya musu: ba a taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa, ba a jifa, ba a jan wutsiya, in baƙon kare ya nufo ka, ka tsaya cik, hannu a jiki, kada ka gudu kada ka zuba masa ido. Ƙaramin yaro ba a barinsa da kare su biyu, komai sabo.

7. In kana son ta haihu

Karya takan fara neman barbara daga wata 6 zuwa shekara, manyan iri sukan jinkirta, sannan kusan sau biyu a shekara, kowanne mako 2 zuwa 3. Kada a haɗa ta a karon farko, a bari ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A sabunta mata rigakafi da maganin tsutsa tukuna. Daga ranar da ka fara ganin jini, tsakanin kwana 9 da 14 ne ta fi karɓar namiji. Kada a haɗa ta da ubanta ko ɗan'uwanta. A duba al'aurar dukansu: tsiro mai zubar da jini wata cutar daji ce da ake ɗauka ta barbara, ta yi yawa a karnukan da ke yawo, tana kuma warkewa da allurar likita. In sun sarƙe, a ƙyale su, ba duka ba watsa ruwa, za su rabu da kansu cikin rabin awa.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari. Ka tanadi akwati mai faɗi a lungu mai ɗumi. In ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba ɗa, ko awa 2 ta wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali da saura, kira likita. Kowane ɗa ya sha dakashi a ranar farko. A Disamba da Janairu sanyin Jos kaɗai yana kashe jarirai, tunda ba sa iya ɗumama jikinsu a makon farko: ka rataya ƙwan lantarki mai zafi a sama, in babu wuta ka naɗe gorar ruwan ɗumi a tsumma. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki zai kashe su har uwar. Suna buɗe ido a kwana 10 zuwa 14, su fara lasar abinci a mako 3 zuwa 4.

Kafin duk wannan, ka san inda 'ya'ya bakwai ko takwas za su je. In ba ka da masu karɓa, likita ya cire mata mahaifa, namiji kuma a yi masa fiɗiya. Ba ya hana su gadi. Allurar tazarar haihuwa ta mata da wasu ke yi wa karya tana iya sa mahaifarta ta cika da mugunya.

8. Ranar da aka yi cizo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma 4 cikin 10 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, yawanci wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Wannan jinkirin ne ke yaudarar mutane, ciwo ya warke a manta. Da zarar alamu sun bayyana, tsoron ruwa da ruɗewa, to babu magani. Kafin su bayyana kuwa, allura tana tarewa.

Abu na farko, kafin faɗa, kafin neman mai kare: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. Ko da karce ne, ko lasa a kan ƙurji. Sai a zuba aidin ko sifirit. Kada a ɗaure da tsumma tamau, kada a sa barkono, toka ko ƙonannen gashin karen. A yi addu'a a kuma kama hanyar asibiti a ranar, ko JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Jankwano, ko mafi kusa. In ba su da allurar, a tambayi inda za a samu, kada a koma gida a zauna. Tsarin da aka fi sani shi ne ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, akwai kuma gajeren tsari da likita zai iya zaɓa. Ko wanne ne a kammala shi. In cizon ya huda fata, musamman a fuska, wuya ko yatsu, akwai wata allurar ta daban mai suna imunogulobulin da ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa, sai kuma ta tetanus. Mai ciki da jariri ma ana yi musu.

In karenka ne ya yi cizon, kada ka ɓoye shi, kada ka sayar wa masu yanka, kada ka yi musu. Ka fito da katinsa, ka kai wanda aka ciza asibiti da kanka, ka biya. Karen a kulle shi kwana 10, ana ba shi ci da sha, likitan dabbobi yana dubawa. In ya wuce kwanakin nan garau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, likita zai iya tsayar da sauran alluran. Amma ba a jiran kwana 10 kafin a fara su.

Mahaukacin kare ba dole sai ya yi ta cizo ba. Wani yakan canza hali, ya ciji dutse da itace, muryarsa ta dishe, yawu na zuba. Wani kuma shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kuma a nan ne masu shi ke zura hannu a bakinsa don su ciro. Kada ka yi. Ka rufe shi, ka kira likita. In ya mutu ko jama'a sun kashe shi, a hana fasa kan, domin ƙwaƙwalwar ake aunawa: likita ko wanda ya sa safar hannu ya cire kan, a sa a leda biyu cikin kula da ƙanƙara, a kai Vom, a kuma rubuta sunan duk wanda karen ya ciza ko ya lasa.

In kuwa naka ne wani baƙon kare ya ciza, ka sa safar hannu ka wanke masa ciwon da sabulu, ka kai shi a ƙara masa allurar haukan kare nan take ko da katinsa bai ƙare ba, sannan ya zauna a kulle, nesa da yara, iya tsawon kwanakin da likita ya yanka maka.